Uwaisu da Kanon da Ya Rubuta

Uwaisu ɗan Agege ne gaba da baya. Kakansa sojan Turawa ne da ya zo Ikko ya ƙi komawa gida Kano, shi Uwaisu kuwa iyakar tafiyarsa Abekuta. Abin da ya tsaya masa a rai tun yana yaro shi ne fataken shanun da jirgin ƙasa ke saukewa. Da sun ji Hausarsa sai su ce, "Kai Bayarabe, ina hanyar zango?" Ba abin da yake so a duniya irin mutumin Arewa ya kira shi Bahaushe.

Yana saurayi ya yi wa wani Bature ɗan jarida tafinta. Baturen ya yi 'yan makonni a barandar masauki yana shan iska, ya koma Ingila ya rubuta littafi sukutum a kan halin mutanen Ikko. Aka ce a can har yabonsa aka yi ta yi a jaridu. Uwaisu ya ce ashe abin ba wuya.

Sai ya zauna ya rubuta labarin Kano, ya kai wata maɗaba'a aka buga masa. A Kanon Uwaisu, a kwalekwale ake zuwa Dala, itatuwan kwakwa sun yi wa ganuwa inuwa, ruwan sama kuwa ba ya ɗaukewa.

'Yan Agege suka rungumi littafin. Ana karanta shi da ƙarfi a rumfar 'yan goro, tsofaffi na share hawaye suna cewa haka iyayensu suka ba su labari. Fatake kuwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ɗahiru, wani dillalin shanu Bakano, ya tare shi a tasha ya ce, "Oga marubuci, kwalekwalen nan naka, a kan jaki ake ɗora shi zuwa Dala?"

Maganar ta ƙona masa rai. Ya ɗaure kayansa ya hau jirgi, ya yi watanni a Kano yana bin lungu-lungu, yana damun mutane da tambaya. Ya dawo a rame ya rubuta littafi na biyu. Wannan karon komai daidai ne, marina da jakuna da zafin rana, ko ƙarya ɗaya babu.

Aka karanta wa Ɗahiru. Ya yi hamma ya ce, "Gaskiya ne kam. To wa bai san wannan ba? Sai dai baƙo."

'Yan Agege kuma suka fusata, wai ya ɓata musu garin kakanni. Rumfar 'yan goro ta daina amsa sallamarsa da daɗin rai. Ni dai a nan na fara jin tausayinsa, don mutumin ya wahala da gaske.

Saura mutum ɗaya da yake sa rai da ita, mahaifiyarsa Hansai, wadda tsufa ya kwantar, ita ma ba ta taɓa wuce Abekuta ba. Ya zauna a gefen tabarmarta ya karanta mata sabon littafin har ƙarshe. Sai ta dafa hannunsa.

"Uwaisu," ta ce, "masu jirgin nan sun cuce ka. Ba garinmu suka sauke ka ba."