Ɗanyen Ganye a Hanyar Kibiya

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce, 'yar wani tsohon direban haya a Rano, mai rawar kai da saurin zuciya. In na ga mota a gabana ji nake kamar an zage ni. Baba bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ni nake miƙa masa sifana in yana ƙarƙashin mota, da an gama girbi kuma sai ya kai ni gonarmu ta wajen Zurgu ya ba ni sitiyari. Da Shari'a ta zo aka fara raba maza da mata a motocin haya, matan kasuwa suka shiga neman direba mace, shi kuma idonsa ya fara rauni. Ya shawarci malaminsa, ya sami shugabannin tasha, aka yarda in riƙa ɗaukar mata zalla tsakanin Rano da Kibiya. Ranar da ya miƙa mini makulli ko tuwo ban iya ci ba don murna. Amma ni ba jigila ce a raina ba, tsere nake so, irin wanda nake gani a talabijin ɗin maƙwabta.

Baba ba mai yawan dokoki ba ne, guda ɗaya ce yake nanatawa har ta ishe ni. Kowa ya san in mota ta lalace a hanya, direba kan karyo rassan bishiya ya jera a titi tun daga nesa. Yakan ce busasshen ganye wataƙila wani malalaci ne ya gyara motarsa ya tafi bai kwashe ba, amma ɗanyen ganye mutum ne yake roƙon a bar masa ransa, in na gan shi in ɗage ƙafa ko kura ce ta biyo ni. Nakan ce to Baba, a cikina kuwa ina cewa tsufa dai ya zo da tsoro.

A tasharmu akwai wani direba da ya sa ni a gaba, kullum sai ya ce in koma in riƙe muciya. Wata ranar kasuwar Kibiya, motata cike da mata, ya wuce ni da hon, ya fito da hannu ta taga yana juya shi kamar mai tuƙa tuwo. Wallahi ji na yi kaina ya ɗau zafi, na take totur. Mata suka ɗau salati. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, 'yar Durba, tana zaune kusa da ni, ta riƙe mini hijabi tana haɗa ni da Allah da Annabi. Ba zan yi ƙarya ba, na ga ganyen. Dalbejiya ce koriya shar, an jera ta kafin kwana. Shi abokin tseren nawa ya taka birki, ni kuwa wawuya na ɗauka tsorata ya yi, har dariya na yi. Ina shan kwana sai ga babbar mota maƙare da buhunan masara a tsaye, mutane biyu a ƙarƙashinta. Na karya sitiyari muka faɗa gona, muka daki ɗorawa. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma hannun tsohuwar nan ya karye wuri biyu.

Da Baba ya iso bai dake ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Ya taka da ƙafa ya koma baya, ya ɗauko reshen da tayata ta bi ta kai, ya ajiye mini a cinya, ya zare makulli ya sa a aljihu. Tasha ta dakatar da ni, gari ya ɗauka, masu cewa ai dama mun faɗa suka samu abin yi. Baba ya tura ni Durba in zauna da tsohuwar in yi mata aikinta har ɗori ya kama. Nan na koyi dafa kalwa da dakanta, warin daddawa ya kama ni har a sallaya. Abin da ya fi cin raina, ko sau ɗaya matar nan ba ta yi mini gori ba, jikata take kirana, in ta ga ina kuka ma ita ke rarrashina. Hannun ya warke a karkace. Na dawo gida na yi shekara biyu Baba bai ƙara yi mini zancen mota ba, in na shigo yana gyara sai ya miƙa hannu ya ɗauki sifanarsa da kansa.

Ana cikin hidimar siyasa wasu masu sha'awar motoci daga Kano suka shirya tsere a wata hanyar burji da ta zagaya duwatsun Rurum. Wani Alhaji mai sayar da motoci ya gwada tuƙina ya ce zai ba ni mota in shiga tseren, in mahaifina ya yarda. Ban iya tunkarar Baba ba. Tsohuwar nan ce da ta ji labari ta hau mota tun daga Durba ta same shi a zaure, ta ce yarinya ta horu, ya bar ta. Baba ya ce tunda mai karyayyen hannun ce ta roƙa ba ya iya ƙi, amma shi bai ce ya yarda da ni ba.

Ni kaɗai ce mace, na cusa hijabi a cikin hular kwano, maza na ta yi mini dariya. Masu shirin suka ce an rufe hanya, ba abin da za mu kula da shi sai tuta. Zagayen ƙarshe ni ce a gaba, jama'a na ihu, sai ga ɗanyen ganye an jera kafin wata kwana da dutse ya kare. Kai, Edita! Duk jikina cewa yake taka, ai an rufe hanya. Na ɗage ƙafa. Motoci biyu suka wuce ni fuu, hawaye ya zo mini don takaici. Ashe wani manomi ne da bai ma san ana tsere ba, ƙafar amalankensa ta cire a tsakiyar hanya da shanunsa biyu, ya yi abin da ya sani. Motar farkon ta faɗa rami, ta biyun ta juya ta kafe a yashi, duk suka fito lafiya. Na raɓa ta gefe a hankali, manomin na ɗaga mini hannu, daga nan na buɗe wuta. Ni na zo ta ɗaya, matan Rurum suka yi ta rangaɗa guɗa.

Na kai wa Baba kofin da na ci, ko kallonsa bai yi ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne na bari an wuce ni saboda ganye, na ce gaskiya ne. Ya tambaya ko na san abin da ke bayan kwanar, na ce ban sani ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin nan, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba tun Durba.

Yau tsere ne sana'ata, na ci a garuruwa da dama, kuma ina alfahari da haka ba kunya. Amma duk kofunan nan ba su miƙar da hannun tsohuwa ba, har yanzu sai an ɗaura mata ɗankwali. Ina kira ga 'yan'uwana mata masu son wannan harka, ku shigo, fili na kowa ne, amma kada gorin wani ya riƙe muku sitiyari, kada ku yi tsere da rayukan da aka ba ku amana. Direbobi maza da mata kuwa, in kun ga ɗanyen ganye ku ɗage ƙafa. Ni na take shi sau ɗaya, wata baiwar Allah ce take biya har yau.