Shaidar Mai Wake

An haifi Fikriya Tadros a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Shubra, zamanin da taragon lantarki ke bi ta bakin titinsu yana kaɗa ƙararrawa. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne. Ya kama hayar gidan tun yana saurayi, doka kuma ta tsayar da kuɗin hayar a fam bakwai. 'Yan'uwanta suka yi aure suka watse. Ita ta zauna da keken ɗinkinta, tana yi wa 'yan makaranta da amare riguna, tana jinyar tsohon har ya cika. Lokacin tana da shekara hamsin da tara.

Ba a yi arba'in ba sammaci ya iso daga Medhat, jikan mai benen. A dokar tsohuwar haya, ɗan da ke zaune da mai haya har ya rasu shi ke gadon hayar. Lauyan Medhat ya ce Fikriya ta daɗe da komawa garin Minya, gawa kawai ta zo ta tarar. Gaskiya ta taɓa yin wata huɗu a can, shekara uku da suka wuce, da aka yi wa ƙanwarta aiki.

Ta san abin da ke jiranta in ta faɗi. Hayar zamani a Shubra ta fi ƙarfin allura. Gidajen gwamnati kuwa, in ma layi ya zo kanta, suna can cikin hamada, mota uku daga cocinta da masu kawo mata ɗinki.

Ta zazzage akwatin takardu, ba ta sami sunanta ko a ɗaya ba. Ta wuta, ta ruwa, ta gas, duk da sunan marigayi. Haka 'yan tsohuwar haya suke, ba sa taɓa takarda, kada mai gida ya tuna da su. Maƙwabta ma kowa tsoro yake kada a juyo kansa. Wata ta ce ciwon gwiwa, wani ya ce mantuwa ta kama shi.

Saura Abdul Tawwab mai dafaffen wake, wanda ba sa ga maciji da ita. Kowace safiya takan zuro kwando da igiya daga baranda, ya sa wake da gurasa, ta janye, sannan ta leƙo ta ce ya yi mata ƙwauron mai. Ranar ta sauko da ƙafarta.

"Yau ke ce a ƙasa, Sitt Fikriya? Igiyar ce ta tsinke?"

Ta faɗa masa abin da ke tafe da ita. Ya yi ƙorafin cinikin safiya guda da zai rasa, amma ranar zaman kotu ya riga ta isa, cikin wankakkiyar jallabiya.

Alƙali ya tambaye shi yadda ya san tana zaune a gidan.

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida matar nan tana kirana ɓarawon mai a bainar jama'a, kowace safiya ta Allah. Sau ɗaya na huta, wata huɗu, shekarar da aka haƙa titinmu aka sa bututu. Har ƙiba na yi. Ranar da ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya."

Lauya ya ce wataƙila an biya shi. Abdul Tawwab ya dubi lauyan da tausayi, ya ce ko a lokacin azuminsu na coci, da ba su da abinci sai wakensa, ba ta taɓa ƙara masa ko ƙirshi ɗaya a kan kuɗin wake ba.

A zama na biyu alƙali ya tabbatar mata da hayar har ƙarshen rayuwarta. Da ta fito, ta zauna a matakalar kotu. Medhat ya tsaya kusa da ita, ya ce fam bakwai ko ƙwan fitilar bene ba ya saye. Ba ta musa ba, don ta san gaskiya ce. Ta ce daga yau gyaran famfon benen a wuyanta.

Wata biyar ke nan tana mayar da manyan ɗinki, don ba ta san inda bikin Ista zai same ta ba. Da yamma ta aika wa uwar wata amarya cewa a kawo yadin gobe, yarinyar ma ta zo a gwada ta.