Tabkin Inna a Cikin Kwano

Shekarar da hankalin Inna ya fara gushewa, na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke wajen Tajaye na kawo ta gidana a Konni. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba zan iya barin aiki in koma ƙauye ba, ita kuma ba ta zaunuwa ita kaɗai, don ta taɓa ɗora tukunya babu ruwa ta yi tafiyarta. Da muka iso ta zauna a gefen tabarma kamar baƙuwa, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi maigida da yara. Tun daga ranar ba ta sake gane ni ba. “Baiwar Allah” take ce mini. In na kai mata fura sai ta yi ta godiya irin wadda ake yi wa bare, ni kuwa in koma madafa in yi ta wanke kwanon da na riga na wanke. Ni mace ce mai saurin fushi, kowa ya sani, amma a nan na rasa wanda zan yi wa. Abu ɗaya nake roƙon Allah, ta dube ni ko sau ɗaya ne ta san ni ce, kafin ta tafi.

Kullum da hantsi sai ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofar gida, wai za ta tabki. Tabkin bayan garinmu take nufi, inda ta yi ta ɗiban ruwa tun tana amarya. Maƙwabciyata mai ƙosai, wadda ke duba mini ita in na tafi aiki, ta gaji da tare ta a zaure. Sai na ce to, tunda ba ta iya zuwa tabki, bari in kawo mata shi. Na aika wa ɗan kawuna da ke kawo mana gero a babur cewa ya ɓamɓaro mini busasshiyar laka daga tsakiyar tabkin, don lokacin ya ƙafe ƙaf. Ya kawo yana dariya.

“Yaya, duk Konni an rasa laka sai ta ƙauye?”

Na ce ya ajiye ya yi abin da ke gabansa.

Ina da wani babban kwanon gilashi cikin kayan ɗakina wanda ban taɓa cin komai a ciki ba. Na shimfiɗa lakar a gindinsa, na tari ruwan farko na damina a indararo na zuba, don na famfo warin magani yake yi. Na samo kainuwa biyu a wani kududdufi kusa da garakan albasa na ɗora a sama, na dasa ’yar ciyawar ruwa a gefe. Wari kawai nake nema, warin tabkin nan, ko zai taɓa mata wani abu a rai.

Bayan ’yan kwanaki ruwan ya kwanta, sai na ga wasu ɗige-ɗige suna tsalle a ciki. Suka yi ta girma. Wasu suka zama kamar ƙwayar riɗi suna zagaya saiwar kainuwa, ga ’yan katantanwa suna lasar gilashi. Waɗanda suka fi ɗauke mini hankali wasu ne dogaye, garai-garai har kana hango cikinsu, da jar wutsiya, suna iyo a rigingine ƙafafunsu na kaɗawa ba hutu. Na san su tun ina yarinya, ban dai san sunansu ba. Wani malamin kimiyya a lakwal ɗinmu ya ce ƙananan jatan lande ne na ruwan daɗi, ƙwansu kan yi shekaru a busasshiyar laka yana jiran ruwa. Na shiga hidimarsu kamar wadda ba ta da aiki. Da safe in kai su inda rana ke ɗan taɓawa, kafin ta yi zafi in mayar ƙarƙashin rumfa. Garin gero ɗan abin da bakin tsinke ya ɗauka nake sa musu, don ranar da na cika hannu ruwan ya yi fari har wasu suka mutu, na yini ina jin haushin kaina.

Inna ta daina zuwa ƙofa. Sai ta ja tabarma gaban kwanon ta zauna. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Wata rana na dawo da azahar na ji tana hira. Na leƙa, babu kowa. Ta sunkuya kan ruwan tana gaida matan garinmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi ɗiban ruwa tare, kuma duk wadda ta ambata ta daɗe a ƙasa. In ta yi tambaya sai ta yi shiru daidai tsawon amsa, sannan ta gyaɗa kai, wani sa’in har ta yi dariya. Na yi sallama, ta ɗago ta amsa mini a taƙaice, kamar wadda aka katse wa magana mai muhimmanci.

Mai ƙosai ta ce, “Malama, ki zubda abin ga. Kin kwaso mutanen tabki kin kawo su cikin gida.”

Na faɗa mata maganar da sai da na je ba ta haƙuri washegari. Amma gaskiya ni ma na fara rage tsayawa kusa da kwanon in babu kowa a tsakar gida. Kishi kuma ya kama ni, kishin matattu, don duk ta san su, ni da ke wanke mata jiki ba ta san ni ba.

Ranar da abin ya faru na dawo na tarar da kwanon a kife, laka da kainuwa a zube a ƙasa. Inna ta cire kallabinta ta ɗaure a bakin ƙwarya, ta tace ruwan tas. Kallabin na shimfiɗe a rana, ’yan halittuna a kansa, wasu na motsi kaɗan-kaɗan, yawancinsu sun riga sun manne da zane. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

“Inna! Me kika yi haka?”

Ta juyo ta kafe ni da ido, irin kallon da na yi shekaru ban gani ba. Ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi, don ni ce ’yar fari, ba ta taɓa faɗin sunana na yanka ba.

“Ni kike ɗaga ma murya? Sau nawa zan hwaɗa miki kak ki bar ruwan tabki ba a tace ba? Ba ki ga ƙwarin da ke ciki ba? Kin manta ƙahwar babanku?”

Ban manta ba. Ina yarinya kurkunu ya kwantar da Baba damina guda, yana zaune ana naɗe farar tsutsar nan a tsinke daga idon sawunsa, gona ta cika da ciyawa, shekarar muka sha yunwa. Bayan nan masu aikin lafiya suka zo suka koya wa matan garinmu tace ruwa da ƙyalle, suka ce ’yan ƙwarin cikin ruwa ne ke ɗauke da ciwon. An daɗe rabon da a ji labarin kurkunu a wajenmu, amma hannun Inna bai samu labari ba.

Ta miƙo mini ƙwaryar. “Amshi ki sha, kin shawo rana.”

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu na sha. Ɗanɗanon laka ne da gansakuka, ga ɗumi, hawayena na zuba a ciki. Ta sa babban yatsa ta goge mini baki kamar yadda take yi da. Na so in riƙe hannun, in ce mata abubuwa da yawa, sai ta karɓe ƙwaryar ta ce, “Ya isa, ki rage ma ƙannenki. Tahi ki kirawo su.”

Ƙannena biyu ne. Macen ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta shiga lakwal ba. Namijin ya tafi cirani arewa ta hanyar hamada, har yau babu shi babu labarinsa. Amma Inna ta aike ni, kuma ta san wadda ta aika, don haka na tashi na fita har ƙofar gida na tsaya ina kallon titi, babura na wucewa. Daga nan nake jiyo muryarta a tsakar gida, tana cewa su daina ture-ture, su bar ƙaramar ta fara sha.