Duka Biyu a Kwamfuta ta Bakwai

Har yau ban manta da Larabar da aka so a ɗora wa tsummana laifin kwamfuta ba. Shekara tara ina shara da riƙon makullai a wata makarantar koyon kwamfuta a Bolewa. Ban yi boko ba, sai dai ba a yin abu a gabana ya wuce ni.

Ana gobe ɗalibai za su yi gwajin ƙarshe, manajanmu Malam Garba ya kira Injiniya Modu ya saka manhajar gwajin a kwamfutoci goma sha biyu. Shi Modu da baƙin allon kwamfuta yake aiki, wanda ake rubuta mata umarni a kai. Ya rubuta layi, ya daki babban maɓallin nan na dama. Ina goge taga ina kallonsa. Kowace kwamfuta duka uku, sai ya matsa gaba.

Bayan azahar aka gwada. Manhaja ta buɗe a ko'ina, ban da ta bakwai. Modu ya kashe ya kunna, ya sauya waya, ya ce fayil na ciki lafiyarsa lau. To yana ciki, lafiyarsa lau, kuma ba ya tashi? Kaina ya ɗaure.

Malam Garba ya juyo. "Iya, da jiƙaƙƙen tsumma kika goge ta?"

"Da shi nake gogewa kullum."

"In ruwa ne ya shiga, ki ajiye mini makullaina."

Na ce, "Modu, zo nan. A wannan sau biyu ka daka. Matarka ta kira, ka fita kana rantsuwa a kan cefane. Da ka dawo, a ta takwas ka zauna."

"Haba Iya, ƙirga ni kike yi?"

"Duba dai."

Ya danna wani maɓalli, tsofaffin layukansa suka dawo. Biyu ne. Ya sosa ƙeya, ya rubuta na uku, manhaja ta buɗe.

Ya ce layin farko kwafo fayil yake, na biyu ya ajiye shi a mazauninsa, na uku ya ba da izini: wa zai karanta, wa zai gyara, wa zai tayar.

"Wa ke ba da izinin?"

"Ni."

"Wa ya hana?"

"Ni ɗin dai, tunda ban bayar ba."

"Ta ga da hannunka ka saka, amma ta ƙi ka?"

"Ba ruwanta da sanayya, Iya."

Ban gane ba, har yanzu ma ban gane ba. Malam Garba bai ce in yi haƙuri ba, agogo ya duba ya shige ofis.

Abin da na ɗauka a wannan aiki shi ne, in na'ura ta ƙi, wanda bai iya ta ba ake fara tuhuma. Don haka ku da za ku zauna gaban baƙin allon nan, kafin ku nemi mai shara, ku ƙirga layukanku.