Gambar da ta yi tafiya

A ƙauyenmu na wajen Hawandawaki, gamba ce ke raba gona da gona. Inda ciyawar nan ta tsaya, nan iyakarka take. To, wata damina gambar yayana ta wayi gari ta matsa cikin gonar maƙwabcinsa, wani dattijo liman. Magana ta kai gaban maigari.

Yaya ya zo gidanmu da hantsi, na dama mashi fura. Ya ce liman ya ƙi a yi rantsuwa, wai a kira mijina kawai, abin da Kiristan nan ya faɗa ya yarda. Na yi dariya har da tafi. Mijina dattijon majami'a ne, gonarsa na kallon tasu, kuma surukin Yaya ne. Na ce ma Yaya ya kwantar da hankalinsa, gona ta zama tashi. Mijin nawa yana gefe yana ji, ya ci gaba da gyaran hauya. Ni da wautata na ɗauka amincewa ce.

Ranar shari'a na laɓe bayan zana tare da mata. Maigari ya miƙo tambaya. Mijina ya ce shi ba ya rantsuwa, abin da ya gani zai faɗa. Sannan ya juya ya dubi Yaya.

"Yaya, ka gafarce ni. Da amalankena ka ɗauko gambar, kuma na gan ka kana dasa ta cikin gonar liman."

Na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Matar da ke kusa da ni ta riƙe baki tana salati. Wan matarsa, a bainar jama'a! Hatsin da Yaya ya shuka a wurin har ya kai gwiwa, duk aka ba liman.

A gida na zazzage mashi ta cikina. Na ce ko shiru ai ya iya, wa zai kama shi? Ya ce tun ranar dashen ya sami Yaya su biyu, ya gaya mashi in aka tambaye shi ba zai ɓoye ba. Wato Yaya ya sani, furata kawai ya zo ya sha, ko zan juya mashi kan mijina. Wannan ya fi komai girgiza ni.

Yaya ya ɗauke mana ƙafa. Ko sunan ɗiyata bai zo ba, kuma abin ya ci mani rai ƙwarai.

Sai bara, da zai tafi neman magani Maradi, jiki ya ƙi, muka ji sallamarsa a ƙofa. Yana da ƙanne maza, yana da manyan ɗiya. Bai ko dube ni ba, ya kama hannun mijina.

"Ga gonata nan da marayun da zan bari. A hannunka ne kaɗai na san gamba ba za ta yi tafiya ba."

Bai dawo ba. Gambar tana nan inda maigari ya sa aka mayar da ita.