Gyaɗar Ƙamshin da Ponnamma Ta Nema

Shekara goma sha tara Ponnamma ta yi tana tsintar ƙwallayen itatuwa a dajin tsaunin Anamalai, tun daminar da ta binne 'yarta. Ba kasafai take tsinta a gindin bishiya ba. Takan je ƙarƙashin kogon da babban cilakowa ya liƙe matarsa a ciki, inda tsuntsayen ke zubar da ƙwallo bayan sun cinye naman. Waɗannan sun fi saurin tsirowa. Sai ta rene su a leda, a dasa a filayen da gonakin shayi suka cinye.

Iri ɗaya ne ya gagare ta, wata bishiyar gyaɗar ƙamshi ta daji. Guda ɗaya tak ta sani, kuma namiji ne, fure kowace shekara, ɗa babu. Ga shi ɓawonsa ya fara zuba. In ya faɗi, irin ya ƙare a wannan gefen dutsen.

Wata safiya tana tonon ganye a ƙarƙashin kogon, sai ta ɗago wani dogon ƙwallo mai zane-zane. Ta kankare shi, ta sunsuna, ta sake sunsunawa.

"Velan! Sauko!"

Velan ƙanin mijinta ne, mai ɗebo zuma, ya haura hamsin. Ya sulalo daga kan reshe yana dariya.

"Yaya, yau ma kashin tsuntsu ake sunsuna? Shi ya sa yayana ke cin shinkafarsa a waje."

"Rufe min baki, ka shaƙa."

Ya shaƙa, ya zaro ido. "Tsohon itacen naki ya haihu?"

"Namiji ya haihu? Akwai mace, sakarai! Tana nan da ranta, kuma tsuntsun nan ya san gidanta!"

Kwana uku suna zaune suna lura da inda mijin cilakowan ke fitowa da maƙogwaro cike. Kullum daga yamma, ta bayan gonar wani mai kofi. Rana ta huɗu suka bi, matsattsaku na hawa ƙafafunsu, Velan na rantsuwa sai ta saya masa sabon mayafin ƙugu. Cikin wani kwazazzabo Ponnamma ta tsaya cak. Ga bishiyar, doguwa santal, 'ya'yanta sun tsage, jan naman na leƙowa.

Ta dafa gindin da hannu biyu tana dariya har numfashinta na sarƙewa. Velan kuwa har ya tuɓe takalmi zai hau ya girgiza.

"Ka taɓa reshe ɗaya in karya maka ƙafa. Na sama na tsuntsaye ne."

Suka tsinci na ƙasa, arba'in da ɗaya. Ashirin da shida suka tsiro.