Zanen Inna a Jikin Keke

Zan iya manta abin da na ci jiya, amma makon da muka gyara keken ɗinkin Inna ba zai taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina aure a Makarfi, Inna kuwa tana Gazara tare da Yaya, ɗanta na fari. Matarsa ta haifi namiji, na tafi zaman suna. Inna tana da al'ada: duk jikan da aka haifa, ita ke ɗinka rigar da zai sa ranar suna. Idonta ya yi rauni sosai, amma ta ce ba a kan wannan angon nata za a fara fashi ba. Da muka yaye buhun da aka rufe keken da shi, sai muka tarar kwano ya yi ta yoyo a kansa duk damina. Tsatsa ta kama ko'ina, ko motsi ba ya yi. Inna ta kai hannu ta shafa shi. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Yaya kuwa har da murmushi. Gyaran injin ban-ruwa yake yi wa masu rake, kuma bai daɗe da sayo wani ɗan injin goge ƙarfe mai caji daga Zariya ba. Tun da abin nan ya shigo gidan, babu ƙarfen da ya huta. Ya goge buta, ya goge sakatar ƙofa, sai da matarsa ta ɓoye tukwanenta. Yanzu ga aiki ya kawo kansa har gida.

Ya kwance kan keken kaf. Kusoshi da ƙoshiyar zare ya jiƙa su a kananzir, manyan ƙarafan kuma muka tsoma su a ruwan tsamiya mai kauri suka kwana. Da safe ya ɗaura wa injin buroshin waya, sai ka ji ziiii, jar ƙura na tashi. Gaskiya ya iya aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ni dai na bar shi na shiga dama wa mai jego kunun kanwa.

Ina fitowa ya miƙo mini farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, yana ƙyalli kamar madubi.

"Duba fuskarki a ciki," in ji shi. "Har karce-karcen da yara suka yi masa na bi da samfefa na shafe."

Aka haɗa keke, aka ɗiga mai, ya riƙa juyawa sumul. Muka zaunar da Inna muna jiran yabo. Ta yi bismilla, ta ɗora yadi, ta kai yatsa kan farantin. Ta shafa, ta sake shafawa. Sai ta juyo wajena, don Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari.

"Ke, tambayi wancan, ina zanena?"

Ashe ba yara ba ne. Ita ta karce su da ƙusa tun idonta ya fara hazo. Da su take gane faɗin kalmasa, yatsanta ke bi, ba ido ba. Ta gwada a haka, ɗinki ya karkace, ta farke, ya sake karkacewa. Ta janye hannu ta ce, "A kai wa tela kawai." Ga suna gobe.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi laushi irin na ranar ba. Ni da bakina ba ya shiru, har na shirya masa tsiya, na haɗiye. Ya cire buroshin, ya ɗaura wa injin wani ɗan tsinin dutse, ya durƙusa gefenta.

"Inna, nuna mini wurin."

Na buɗe baki zan isar da saƙo kamar kullum, sai na ga ta lalubo hannunsa da kanta. Ta auna da faɗin yatsanta daga ramin allura, ta ɗora ɗan yatsansa a wurin.

"Nan. Kada ka zurfafa."

Haka suka yi ta yi, tana aunawa yana zanawa, har layukan suka dawo. Kafin la'asar riga ta fito, kalmasa a miƙe ɗoɗar. Inna ta gutsure zaren da haƙori, ta ɗaga kai wajen da yake tsaye ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Maka fa ta ce, ba masa ba. Yaya ya fita da sauri, wai ƙurar tsatsa ce ta shiga masa ido. Har yau ina tsokanarsa da ƙurar nan.

Inna ta rasu, keken yana ɗakina, kuma da layukan nan nake kalmasa. Tun daga ranar, in kayan wani ya zo hannuna don gyara, sai na tambayi mai shi kafin in goge komai, don wani tabon da gangan aka yi shi.